Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sufeto Janar na 'Yan Sandan Najeriya kan haƙƙin waɗanda motar 'yan sanda ta buge

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan jami'an da ke ƙarƙashinka. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa lauyoyi ne masu bin ƙarar diyya a manyan kotunan jihohin Arewa, tare da wasu likitocin ƙashi da ma'aikatan ɗakin agajin gaggawa. Muna magana ne da yawun mutanen da motar sintiri ko motar rakiya ta 'yan sanda ta buge a kan titi: ɗan acaɓa, direban a-daidaita-sahu da fasinjojinsa, mai tura baro, yarinya mai talla a bakin hanya, da iyalan waɗanda ba su tashi ba. Mun aika kwafin wasiƙar ga Shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Antoni Janar na Tarayya, da kwamitocin harkokin 'yan sanda na majalisun tarayya biyu, domin kowannensu yana da nasa kason a cikin maganar.

Mun san irin aikin da yaranka ke yi. Suna bin 'yan fashi da masu garkuwa da mutane a kan hanyoyi masu ramuka, cikin motocin da wasunsu sun daɗe da gajiya, kuma su ma suna mutuwa a haɗari. Ba kowane karo ne laifin ɗan sanda ba. Akwai ɗan acaɓan da ke faɗo wa titi ba tare da ya duba ba. Abin da ya dame mu shi ne, ko a inda laifin direbanku ya fito fili, wanda aka raunata ba ya kaiwa ga haƙƙinsa, kuma yawancin abin da ke tare masa hanya a hannun ofishinka yake.

Doka dai ba ta da ruɗani a nan. Jiniya tana neman a ba mota hanya, ba ta ɗauke wa direba nauyin kula da rayukan mutane. Direban da ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya keta jar danja ba tare da ya rage gudu ba, ko ya hau gefen titi inda 'yan kasuwa ke zaune, ya yi sakaci, ko da kuwa kakin gwamnati ne a jikinsa. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 7 ga wanda ya kashe rai da tuƙin ganganci, ba ta kuma ware ɗan sanda ba. Tun daga tsarin mulkin 1979 aka rushe tsohuwar ƙa'idar Turawa da ke cewa ba a kai gwamnati ƙara kan ɓarnar da ma'aikatanta suka yi, saboda haka wanda aka buge yana da damar ya haɗa direban da hukumar da ta ɗauke shi aiki. Yana iya neman kuɗin magani da na gyaran abin hawansa, da abin da ya rasa na sana'a muddin yana kwance, da diyyar raɗaɗi da nakasa. In an rasa rai, mata da 'ya'ya da iyayen da mamacin ke ciyarwa su ne ke da haƙƙin nema. Idan wanda aka buge yana da nasa kason laifin, kotu rage masa diyyar take yi daidai da laifinsa, ba ta hana shi gaba ɗaya. Wannan duk a rubuce yake. Ga yadda ake rasa shi.

Ƙara kan haɗarin mota a sa'ar farko ake cin ta ko a faɗi. Hujjojin da kotu ke dubawa sanannu ne. Akwai zanen wurin haɗari da sashen kula da zirga-zirga, wato MTD, ke yi, wanda ke nuna faɗin titi, da daidai inda motocin suka haɗu, da tsawon sawun birki, da inda kowace mota ta tsaya, kuma ana so direbobin biyu su sa hannu a kansa. Akwai rahoton VIO, wato jami'in duba lafiyar motoci, kan lafiyar birki da tayoyi da sitiyari da fitilu. Akwai littafin fitar mota, mai ɗauke da sunan direba da lokacin fita da wanda ya ba da izini, sannan akwai littafin rajistar caji ofis da ake shigar da duk abin da ya faru. Ranka ya daɗe, in ka cire rahoton VIO, sauran duk a hannun abokan aikin direban suke, sau da yawa ma a caji ofis ɗin da motar ta fito. Shi kuwa wanda aka buge yana kwance a sume lokacin da ake zanen, sai a samu sa hannun ɓangare ɗaya. Sau da yawa kafin mai zanen ya iso an janye Hilux ɗin, an share fasassun gilasai, sawun birkin ya bi tayoyin wasu motoci. In aka kai ta gareji aka canza takalmin birki kafin VIO ya gan ta, shi ke nan, rahoton zai ce lafiyarta ƙalau.

Wata matsalar kuma ita ce gane motar ma. Motocin sintiri da yawa suna yawo babu lamba a gaba ko a baya, musamman waɗanda gwamnatocin jihohi suka bayar gudummawa, sai dai sunan wani shirin tsaro a jikinsu, kuma irinsu goma ne ko ashirin a gari ɗaya. Lauya ba zai rubuta wa alƙali cewa "wata shuɗiyar Hilux" ce ta buge wanda yake karewa ba. Dole ya faɗi wace mota, wane direba, ƙarƙashin wane ofishi. Idan ya rubuto neman takardun, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku kwana 7 ku amsa, kuma Dokar Shaida ta 2011 ba ta karɓar kwafin takardar hukuma sai wanda aka buga wa hatimin tabbatarwa. A aikace wasiƙar kan yi makonni ana cewa mai gida bai zauna ba. Gaskiya ne sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba alƙali damar ɗauka cewa hujjar da aka ɓoye ba ta yi wa mai ɓoyewar daɗi ba ne, amma sai ƙarar ta kai gaban alƙali tukuna.

Abin da ya fi ciwo shi ne juya wanda aka zalunta ya koma mai laifi. Ana kwashe babur ko keken a kai caji ofis, a tsare direban ko wanda ya zo tambaya a kansa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, kuma tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24, ko 48 in kotu na nesa. Daga nan sai a gurfanar da shi gaban majistare da tuhumar tuƙin ganganci, wani ya raɗa masa cewa ya amsa laifi kawai, tara ce 'yar kaɗan, ya karɓi kekensa ya tafi gida. Mutumin da ke biyan kuɗin hayar keken nan kullum, ga iyali, zai amsa. Bai san cewa sashe na 63 na Dokar Shaida ya ba da damar a kawo wannan hukunci a matsayin hujja a kansa a ƙarar diyya ba. Da bakinsa ya rufe ƙofar, don ya kuɓuta daga kwana biyu a bayan kanta.

A asibiti kuma, har yau akwai inda ake cewa sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa wanda ya yi haɗari. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kuma dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa tarar naira 50,000 ga asibitin da ya kori wanda ya yi haɗari. Likitocin cikinmu sun san dalilin da ya sa al'adar ta ƙi mutuwa: ma'aikacin asibiti yana tsoron a zo a tafi da shi yin bayani. To, idan waɗanda za su ba da takardar su ne suka yi bugun, wa zai je ya karɓo? Wanda ya samu karaya mai buɗaɗɗen rauni yana buƙatar a wanke ciwon a ɗakin tiyata, a ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta tetanus cikin sa'o'in farko. Wanda ya bugu a kai yana iya tashi yana magana, jini kuwa na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Kowace sa'a da aka ɓata wajen neman takarda, a jikin majinyaci ake biyan ta.

Sai batun kuɗi. Ƙashin cinya idan ya karye yawanci sai an sa ƙarfe, kuma a Asibitin Ƙashi na Dala ko a asibitocin koyarwa na Kano da Shika, majinyaci ne ke biyan kuɗin ƙarfen da na aiki da na jini. Idan babu wanda ya ɗauki nauyin, dangi sukan sa hannu su ɗauke shi su kai wa mai ɗori. Ba mu raina masu ɗori ba, akwai karayar da suke haɗawa. Amma ɗaurin karare da ya matse ƙafar da ta kumbura yana tsayar da jini, ƙafar ta yi baƙi, a dawo asibiti sai yankewa. Ta fuskar shari'a ma asara ce: mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoton likita, ba shi da hoton ƙashi. Kotu kuwa ba ta ba da kuɗin da aka kashe sai an jera su ɗaya bayan ɗaya an kawo shaidarsu, kuma girman diyyar nakasa yana rataye ne a kan rahoton likitan da ya faɗi irin raunin, da aikin da aka yi, da kaso nawa cikin ɗari na ƙarfin gaɓar ya tafi har abada. Lauyan gwamnati zai ƙara da cewa ba motar ce ta jawo yanke ƙafar ba, ɗorin ne.

A cikin wannan hali ne ake zuwa da maganar sulhu. DPO ko wakilinsa zai zo dubiya da ɗan abin da ya samu, wani lokaci daga aljihunsa ko karo-karon abokan aiki, a tara mai unguwa da dattawa, a ce ƙaddara ce, a kawo takarda a sa wa uban yaro ko mijin matar ya dangwala cewa sun yafe, ba su da sauran magana. Sulhu alheri ne, ba mu ja da wannan ba. Amma ana yin sa ne a makon farko, kafin likita ya san ko ƙafar za ta tsira, kuma takardar da Turanci ake rubuta ta. Imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba: aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sai in magada ne suka yafe don kansu, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi dalla-dalla. Yafiyar da aka karɓa daga mutumin da ake riƙe da baburinsa, ko ɗan'uwansa na tsare, ba yafiya ba ce, kuma babba ba ya yafe haƙƙin maraya.

Yanzu ga babbar katangar. Sashe na 2 na Dokar Kare Jami'an Gwamnati ya ce duk ƙarar da za a kai jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki, a shigar da ita cikin wata 3. Da motar ɗan kasuwa ce ta yi bugun, wanda aka raunata yana da shekara 3 ko fiye, gwargwadon dokar jiharsa. Dokar nan ta samo asali ne tun 1916, an kwaikwayo ta daga wata dokar Ingila ta 1893, kuma su Ingilan sun soke tasu tun 1954. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Hukumar Harkokin Shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba mutum ɗaya ɗaya kawai ba. Dokar ta yi maganar cutarwa mai ci gaba, mutane sukan zaci hakan na nufin lissafi zai fara bayan an warke. Kotuna sun ce a'a, ci gaban aikin da ya jawo cutar ake nufi, ba ci gaban ciwon ba. Ranar da mota ta buge ka, ranar agogo ya fara.

Duk lauyan da ke wannan fage ya san shari'ar Adigun da Ayinde, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1993. Ma'aikacin gwamnati ne ya yi haɗari a motar da direban gwamnati ke tuƙawa, ya shanye, ya daɗe yana jinya a gida da waje, ya shigar da ƙara bayan kusan shekara 3. Kotu ta ce lokaci ya wuce, alƙalan da kansu suna nuna rashin jin daɗin tsananin dokar. Ranka ya daɗe, ƙashin cinyar babban mutum yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe. Ke nan ranar da haƙƙinsa zai mutu, mutumin yana kan gado ko yana dogara sanda. Matar da aka kashe wa miji kuwa tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita, wata ukun sun cika da sauran kwanaki. Ƙara da cewa wasu hukumomin sai an ba su sanarwar wata guda kafin a kai su ƙara, wanda ke cin kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Mun kuma lura cewa alkawarin "ku yi haƙuri, ana duba takardarku a hedikwata" ba ya tsayar da agogon, kuma yakan ƙare ne daidai lokacin da watannin suka cika.

Akwai hanyoyin kewaye, amma kowace da haɗarinta. Kotuna sun ce dokar ba ta kare jami'in da ya fita daga hurumin aikinsa ko ya yi da mugun nufi, sai dai tabbatar da hakan yana buƙatar littafin fitar motar nan da ba a bayarwa. Ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam na 2009 ba su da iyakar lokaci, kuma suna aiki sosai idan an haɗa da duka ko tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, amma alƙali yana iya cewa haɗarin mota sakaci ne kawai, a je a shigo ta ƙofar da ta dace, alhali ƙofar ta riga ta rufe. Lauyoyin rundunar kuma suna da sauran makamai: su ce ba a haɗa sunan wanda ya dace ba, ko su ce Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi ba ta jiha ba, ko akasin haka, ko su jawo ƙa'ida ta 341 ta Ƙa'idojin 'Yan Sanda da ke cewa kowane jami'i shi zai ɗauki alhakin wuce gona da irinsa. Wato a bar gurgu ya bi kofur mai albashin da bai isa kuɗin ƙarfe ɗaya ba. Shekara biyu ko uku kan tafi a kan waɗannan kafin a tambayi wanda ya bi hannun da ba nasa ba.

Maganar inshora ta fi ba mu mamaki. Tun 1 ga Fabrairun 2025 rundunarka ta fara tare motoci a faɗin ƙasa tana neman takardar inshorar kare wasu, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga ƙaramar mota tun farkon 2023, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, rauni da rai kuwa ba a sa musu iyaka ba. Mun goyi bayan wannan. Amma tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945 ta cire motocin gwamnati da motar da ake tuƙawa don aikin 'yan sanda daga wannan wajibci, kuma sakamakon shi ne wanda tasi ta buge yana da kamfanin da zai tunkara, wanda motar sintiri ta buge ba shi da kowa sai baitulmali. A 2025 an sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin. Lokaci ne da za ka fito ka gaya wa jama'a wane kamfani ne ke riƙe da inshorar motocinku, kada a ce mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

A ce mutum ya tsallake duk wannan, alƙali ya yanke masa diyya. Sashe na 287 na tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu, amma rundunar ba kasafai take biya don kanta ba. Sai a nemi kotu ta kama kuɗin daga asusu. A nan sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da yardar Antoni Janar, kuma bai sa masa ranar da zai amsa ba. Tun da aka koma asusun bai-ɗaya a 2015, kuɗin hukumomin tarayya suna Babban Bankin Najeriya, sai bankin ya shigo da nasa lauyoyin, a ɗaukaka ƙara, a sake wasu shekarun. Kama kaya kuwa ba a ma fara shi, domin ma'aikacin kotun da zai je ɗaukar mota a hedikwatar 'yan sanda, 'yan sanda ne ke masa rakiya. A halin da naira take ciki, diyyar da aka yanke shekara biyar da suka wuce ba ta sayen ƙafar roba yau.

Ba talaka kaɗai abin ke ci ba. A ranar 12 ga Nuwamban 2013 Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu kusa da Lokoja a kan hanyarsa ta zuwa taro a Kano, lokacin da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na wancan lokaci ta yi karo da motarsu. An ji wannan ne saboda sunan mamacin da ƙarfin ƙungiyarsa. Gudun ayarin manya bai ragu ba tun daga lokacin.

Saboda haka muna roƙon ka, ranka ya daɗe, ka fitar da umarni zuwa ga dukkan kwamishinoni, wanda ba ya buƙatar jiran majalisa. Duk direban rundunar da ya yi karo ya tsaya, ya kai wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa ko ya tabbatar an kai shi, sai dai in taron jama'a na barazana ga ransa, a nan ma ya wuce caji ofis mafi kusa ya shigar da rahoto nan take. Kada a taɓa motar da sunan gyara sai VIO ya duba ta. Binciken kuma kada ya zauna a ofishin da motar ta fito: a miƙa shi ga wani sashe daga hedikwatar jiha, a gayyaci Hukumar Kiyaye Haɗurra ta yi nata zanen da rahoton daban. Cikin kwana 7 a ba wanda aka buge ko iyalinsa, kyauta, takarda mai ɗauke da lambar mota, da sunan direba da lambar aikinsa, da kwafin zane da rahoton VIO masu hatimi. A saki abin hawansa da zarar an gama dubawa, kuma kada a gurfanar da shi sai lauyan rundunar ya duba fayil ɗin. Ai sashe na 66 na dokarku ta 2020 ya ce a ajiye lauya a kowane caji ofis. Kowace motar sintiri ta samu lamba gaba da baya, da wata babbar lamba a jikin ƙofa da za a iya karantawa daga nesa.

Muna kuma roƙon a haramta karɓar takardar yafiya daga majinyaci ko danginsa sai bayan rahoton likita ya fito, a gaban lauyansa ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, kuma a karanta masa ita da harshen da yake ji. A ware kuɗi a kasafin rundunar, ko daga Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa a 2019, wanda da ma yake sayo motocin, domin biyan kuɗin jinyar gaggawa kai tsaye ga asibiti ba tare da jiran a san mai laifi ba. Yin haka ba amsa laifi ba ne, kuma ya fi sauƙi a kan diyyar yanke ƙafa. Sashen karɓar ƙorafi da sashe na 131 na dokarku ya tanada a kowace jiha ya riƙa buga adadin haɗurran motocin rundunar duk shekara, da direbobin da aka hukunta, da diyyar da aka biya. Sannan ka umarci lauyoyinka su daina fakewa da wata 3 a ƙarar rauni ko rasa rai inda mutum ya rubuto ƙorafi cikin lokaci. Kariya ce da kuke da ikon ku ƙi ɗagawa.

Ga Antoni Janar, muna neman ya sa wa ofishinsa wa'adi, kwana 30 ya isa, na amsa buƙatar biyan hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa ba, kuma ya fifita diyyar rauni da ta rai a kan bashin 'yan kwangila. Ga majalisa, ta cire rauni da kisa daga Dokar Kare Jami'an Gwamnati, ko ta mayar da wa'adin shekara 3, ta kuma gyara sashe na 84 yadda shirun Antoni Janar bayan wa'adi zai zama yarda. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda kuma, tunda ita ke ɗauka da ladabtarwa, ta riƙa sanar da wanda ya kawo ƙorafi sakamakon shari'ar cikin gida da aka yi wa direban.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ga abin da muke gaya wa jama'a kafin waɗannan gyare-gyare su zo. A kira lambar agajin gaggawa, 122 ko 112. A ɗauki hoton motar da lambarta da duk rubutun da ke jikinta, da inda ta tsaya, kafin a motsa ta, kuma a adana wayar da aka ɗauka da ita, domin kotu za ta nemi bayanin na'urar. A karɓi lambar waya ta shaidu biyu ko uku a wurin, don washegari ba za a same su ba. A je asibiti ko da ciwon bai nuna ba, a tara kowane rasit har na kuɗin mota, a nemi rahoton likita da hotunan ƙashi. Kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba, kada a amsa laifi a kotu kafin a ga lauya. A ga lauya cikin mako biyun farko, ɗan'uwa ma yana iya zuwa a madadin majinyaci. Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi tana karɓar ƙarar haɗari kyauta, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi, sai dai kai ƙorafi can ba ya tsayar da lissafin wata 3. Matasa kuma su daina ƙona motar. Wanda ya ƙona ta ya ƙona birkin da VIO zai duba, ya kuma ba da dalilin kwashe 'yan unguwa, maganar wanda ke kwance a asibiti ta bi iska.

Muna sauraron amsarka a rubuce, kuma a shirye muke mu zauna da sashen shari'a na rundunar mu tsara daftarin umarnin tare, in an ba mu rana.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wasu lauyoyi da ma'aikatan lafiya daga jihohin Kano, Kaduna, Katsina da Bauchi